Wanda ya fara wasa daga kashi na uku

Tun farko in faɗa muku rubutun nan dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Na kuma san masu tsokanata za su ce yau ma Malam ya dawo da zancen gem ɗinsa, mutum da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, amma yana zaune gaban kwamfuta yana harbin dodannin sararin samaniya. Na ji, na karɓa. Ku dai bi ni a hankali, don zancen zai biyo ta Kakuri kafin ya ƙare.

Ran 29 ga Satumban 2025 aka sanar da cewa za a sayar da kamfanin Electronic Arts, wato EA, a kan dala biliyan 55. Masu sayen su ne asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya da ake kira PIF, da kamfanin Silver Lake, da Affinity Partners na Jared Kushner, surukin Trump. A nan gida wanda ya kula da labarin sai dai 'yan ƙwallo, tunda EA ne ke yin FIFA ɗin nan da yaranmu ke bugawa a shagunan gem, wanda yanzu aka canza wa suna zuwa FC. Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. A ƙarƙashin EA akwai wani kamfani mai suna BioWare a garin Edmonton na Kanada, su ne suka yi Mass Effect. Tun Disambar 2020 suka nuna ɗan tallan sabon kashi, shekara da shekaru muna jira, a Janairun 2025 ma sai da aka rage musu ma'aikata. Duk ranar 7 ga Nuwamba masoya wasan a duniya kan yi abin da suke kira ranar N7, a tuna baya, a yi ta hasashen gaba. A 2025 hasashen ya fi kama da zaman jiran likita ya fito daga tiyata.

Ga waɗanda ba su san irin wasan ba: ba irin na harbi kawai ba ne, ko da yake akwai harbin. Labari ne kamar fim mai dogon zango, sai dai kai ke riƙe da bakin jarumin. Wani zai yi maka magana, amsoshi uku ko huɗu su fito a allo, ka zaɓi ɗaya, labarin ya bi inda ka karkata shi. Jarumin sunansa Kwamanda Shepard, namiji ko mace duk wanda ka so, yana jagorantar wani kumbo mai suna Normandy. Kashi na farko ya fito a 2007, na biyu a 2010, na uku a 2012. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne wasan ba ya mantuwa. Akwai fayil da yake ajiye duk abin da ka aikata, 'yan gem na ce masa sebin. In ka gama kashi na farko sai ka ɗauko fayil ɗin ka shiga na biyu da shi, daga nan na uku. Wanda ka kashe a 2007 ba za ka gan shi a 2012 ba. Wanda ka yi wa alheri a wani lungu ka manta, bayan shekara biyar sai ka ga ya aiko maka da wasiƙa. A kashi na farko akwai wata duniya mai suna Virmire inda dole ka bar ɗaya cikin abokan yaƙinka biyu, Ashley ko Kaidan, ya mutu. Babu dabara, babu hanya ta uku. Wanda ka bari ya tafi ke nan har ƙarshen labari.

Ni na fara ne ba da jimawa da gama bautar ƙasa ba, a kan wata laftof ta gwanjo da na saya a babbar kasuwa, irin wadda in ta ɗau zafi sai ka ɗora ta a kan littattafai biyu don iska ta ratsa. Laftof ɗin ta mutu, wadda ta gaje ta ma ta mutu, amma fayil ɗin nan yana nan a filashi cikin durowar da nake ajiye takardun ɗaukata aiki. Uwargida ta taɓa tambayata ko takardar fili ce a ciki. A 2021 da suka haɗa ukun a wuri ɗaya suka gyara hotunansu, dala 60 aka sa masa, a lokacin kuma dala ba ta kai naira 500 ba. A 2025 sabon babban gem dala 70 ne, in aka lissafa da canjin lokacin, ya haura N100,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 N70,000 ne. Saboda haka mu tsofaffin hannu mun koma maimaita na da, muna jiran ranar ragi. Ga kuma wuta, wadda sai ka kai tsakiyar muhimmiyar magana take ɗaukewa.

To ga inda nake son zuwa.

A cikin labarin akwai wata al'umma da ake kira Quarian. Su ne suka ƙera wasu butum-butumi masu suna Geth don su yi musu aikin ƙarfi, noma da gini da wahalar masana'anta. A hankali Geth suka fara tunani da kansu, har ɗaya daga cikinsu ya tambayi ubangidansa ko shi ma yana da rai. Tsoro ya kama Quarian, hukuma ta ba da umarnin a kashe su duka kafin su yi tawaye. Geth suka kare kansu, yaƙi ya ɓarke, aka yi wa Quarian mummunan kisa, waɗanda suka tsira suka gudu daga duniyarsu mai suna Rannoch. Wajen shekara 300 suna yawo a ayarin jirage, ba su da ƙasa, duk inda suka je ana yi musu kallon ɓarayi da mabarata. Yaron Quarian da aka haifa a jirgi bai taɓa ganin Geth yana noma ba. Abin da ya sani kawai su ne suka kore mu daga gida.

A kashi na biyu za ka samu abokan tafiya biyu, Tali 'yar Quarian da Legion ɗan Geth, a kumbo ɗaya. A kashi na uku Quarian suka yanke shawarar komawa su ƙwato Rannoch da ƙarfi, a daidai lokacin da wata babbar masifa ke cinye duniyoyin kowa da kowa. Manyan kwamandojinsu ma kansu a rabe yake: Han'Gerrel yaƙi kawai yake so, Zaal'Koris yana cewa mu muka fara zaluntarsu, Daro'Xen ita so take a mai da su bayi kamar da. A ƙarshe za ka tsinci kanka tsaye a bakin wani dutse, jiragen ɓangarorin biyu na sama suna shirin gamawa da juna, a ce ka zaɓa. In ka goyi bayan Quarian, an shafe Geth. In ka goyi bayan Geth, an shafe Quarian, Tali kuma ta faɗa daga kan dutsen a gabanka.

Akwai hanya ta uku, ta sulhu, amma ba a wannan ranar ake samunta ba. Sai in Tali da Legion duk suna raye tun daga kashi na biyu. Wasan yana duba ko ka tsaya mata a shari'ar da mutanenta suka yi mata har ba a kore ta ba. Yana duba ranar da su biyun suka yi cacar baki a cikin kumbo har ta zaro bindiga, ko ka raba su ba tare da ka ɗauki ɓangare ba. Yana duba ko ka je ka ceto Koris lokacin da jirginsa ya faɗi, don a samu murya ɗaya mai hankali a cikin manya. Yana duba ko ka yarda ka shiga cikin ƙwaƙwalwar Geth ka ga tarihin ta idonsu. Duk waɗannan yana tara su a ɓoye ba tare da ya gaya maka ba. In sun kai, sai wata amsa ta haska a allo, Shepard ya daka wa jiragen tsawa su tsagaita. In ba su kai ba, amsar ba za ta fito ba ko kai waye.

Na kai wannan wurin ne a Yunin 2012. Mutanen Kaduna ba sai na tuna muku ba. Ran Lahadi 17 ga wata aka kai harin bam a coci-coci a Zariya da nan Kaduna, ramuwar gayya ta biyo baya a kan hanya, gwamnatin marigayi Patrick Yakowa ta sa dokar hana fita ta awa 24. Muna kulle a gida a Makera, ba ofis, ba kasuwa, ɗan man da ya rage a janareta ana lallaɓa shi don cajin waya. Da daddare in yara sun yi barci sai in buɗe laftof in rage sauti. A wannan halin na shiga ƙwaƙwalwar Geth ɗin nan, na ga abin da ba a koya wa yaran Quarian: cewa a farkon rikicin akwai Quarian da suka ɓoye Geth a gidajensu, suka tsaya a bakin ƙofa suka hana a shiga, kuma 'yan'uwansu ne suka kashe su. Geth ba su manta da su ba. Wallahi sai da na rufe laftof ɗin na fita tsakar gida na zauna.

Amsar sulhun ta fito min. Ba don na iya ba, don ban san ana tara maki ba sai daga baya. Kawai dai tun 2010 ina son yaran nan biyu, ban yarda in rasa ko ɗaya ba.

Watan jiya ɗana na fari, ɗan shekara 15, ya ce in ba shi ya gwada. Abokansa sun gaya masa na ukun ya fi daɗin faɗa, na farkon kuma jan jiki gare shi, sai ya tsallake kai tsaye zuwa na uku ba tare da ya ɗauko komai daga baya ba. In ka yi haka wasan da kansa yake rubuta maka tarihi, kuma ba mai daɗi yake rubutawa ba. Wrex, shugaban Krogan mai hangen nesa, ya riga ya mutu, ɗan'uwansa Wreav mai son jini ke kan mulki. Tali korarriya ce. Legion babu shi, wani kwafinsa ne da bai san ka ba, bai kuma yarda da kai ba. Yaron ya yi duk abin da ya dace, ya taimaki kowa, ya yi magana mai daɗi da kowa. Da ya kai bakin dutsen nan sai ya ga amsa biyu kawai. Ya same ni a falo ya ce, "Abba, ina wadda ka ce? Ni ban yi laifin komai ba fa." Na ce masa gaskiya ne, ba ka yi ba. Abin da ake nema an yi shi ko an bar shi tun kafin ka karɓi wasan.

Maganar nan tasa ta kwana biyu tana min yawo a kai, don dai-dai take da halin duk yaron da aka haifa a garin nan bayan shekarar 2000.

Mu da muka haura arba'in mun ga kashi na farko. Mun tashi a Kakuri lokacin da jiniyar masaƙu ke tada unguwa da asuba. KTL tun 1957 take, ga UNTL, ga Arewa Textiles, ga Nortex, ga kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975. In an tashi daga aiki titi cika yake da kekuna, Bahaushe da Bajju da Atyap da Tibi da Idoma da Ibo da Bayarabe, duk da auduga a gashin kai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi shekara ashirin da wani abu. Ba na cewa aljanna ce. An yi Kafanchan a 1987, an yi Zangon Kataf a 1992, duk sun taɓo garin nan. Amma gidan haya ɗaya za ka samu ana Sallah a wannan ɗaki, ana Kirsimeti a wancan, kwanon abinci na zagayawa.

Sai Fabrairun 2000, rikicin shari'a, aka sake a Mayu. Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu. Ina Samaru a lokacin, ina aji biyu a jami'a, kwana uku ban san ko iyayena na raye ba. Bayan nan ne garin ya tsage a kan kogi. Kiristocin da ke Rigasa da Tudun Wada da Kawo suka kwashe zuwa Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Romi, Gonin Gora. Musulmin da ke waɗannan unguwanni suka haye arewa. Wasu musayar gida suka yi, wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka bar kango. Har aka riƙa yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Jerusalem. Masaƙun da ke haɗa mutane su ma suka bi sahu, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Wurin da za a haɗu a ci abincin rana tare ya tafi.

Gidanmu na Makera bai ƙone ba, kuma akwai dalili. Maƙwabcinmu wani dattijo ne Bajju, sashe ɗaya suke da Baba a masaƙa. Ranar da abin ya yi tsanani shi ya shigar da Inna da ƙannena ɗakin matarsa, ya fito ya zauna a kan benci a ƙofar gidanmu. Da aka samu sojoji suka fitar da su, Baba ya miƙa masa makulli. Wata biyar makullin na hannunsa. Ya sa ɗansa yana kwana a zaure, yana ba awakin Inna dusa. Da muka dawo har kuɗin akuya ɗaya da ta karye ya sayar ya kawo a ƙulle a leda. Na kuma san irin wannan ya faru a ɗaya ɓangaren, wani abokin aikina Kirista ya sha ba ni labarin Alhajin da ya ɓoye su a Tudun Wada ya sa wa mahaifiyarsa hijabi ya fitar da ita. Irin labaran nan suna da yawa. Matsalar ita ce ba sa cikin fayil ɗin da muka miƙa wa yara. Abin da muka ba su shi ne kada ka wuce gada in an fara, kada ka hau keken wane da daddare, mutanen can ba su da amana. Ɗana bai san labarin bencin nan ba sai watan jiya. A ganinsa dattijon wani tsoho ne kawai da nake tilasta masa ya gaishe shi.

Kada wani ya ce na mai da jinin mutane wasan yara. Na san bambancin. A gem in abu ya ɓaci sai ka koma baya ka sake, akwai ma shafukan intanet da suka jera maka makin sulhu ɗaya bayan ɗaya. A nan wanda aka binne an binne shi. Kuma wasan yana da wata ƙarya mai daɗi, ta cewa mutum ɗaya mai babbar murya zai daka tsawa dubban jirage su tsaya. Mun ga masu ƙoƙari na gaske a garin nan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da suke jagorantar matasa a ɓangarori biyu masu gaba, Wuye har hannunsa ya rasa a 1992, sun haɗu sun kafa cibiyar sasanci. Ran 22 ga Agustan 2002 malamai da limaman coci 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, zamanin Makarfi. Wata uku bayan nan wani rubutu a jaridar Legas kan gasar sarauniyar kyau ya sake kunna garin, aka rasa wajen mutum 250. Sai 2011 bayan zaɓe, sai 2012, sai 2018 da abin ya taso daga Kasuwan Magani.

Abin mamaki ko a nan wasan bai yi nisa da gaskiya ba, kodayake ba da niyya ba. Duk wanda ya buga ya san abin kunyar ƙarshen kashi na uku. Bayan shekara biyar kana zaɓi, sai a kawo ka gaban hanyoyi uku, ja da shuɗi da kore, kuma hotunan ƙarshen kusan iri ɗaya ne, launi kawai aka canza. In ka ɗauki ja, Geth ɗin nan da ka sha wahalar sasantawa duk sun mutu tare da abokan gaba. Masoya suka yi ca. Wasu suka aika wa BioWare ƙananan kek wajen 400 masu launi uku amma ɗanɗano ɗaya. Sai da kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a ƙarshen Yunin 2012. Launi uku ɗanɗano ɗaya dai... ni ma'aikacin gwamnati ne, dokar aiki ta hana ni siyasa, saboda haka ban ce komai ba kan 2027.

Shi ya sa a 'yan shekarun nan wani ƙaramin wasa ya fi kwanta min, Star Trek: Resurgence, da ya fito a Mayun 2023. Tsofaffin ma'aikatan Telltale ne suka yi shi a kamfaninsu Dramatic Labs, don mutanen da suka tashi da kallon Star Trek. Hotunansa ba su kai na manya ba, wani wurin ma har ya ba ka haushi. Amma a ciki ba kai ne mai ceton duniya ba. Mutum biyu kake riƙewa: Jara Rydek, mataimakiyar kyaftin da aka turo sabuwa cikin ma'aikatan da ba su yi maraba da ita ba, da Carter Diaz, ƙaramin injiniya a can ƙasan kumbo. An tura su rakiyar Jakada Spock sasanta wasu al'ummu biyu, Hotari da Alydian, da ke rigima kan ma'adinai, ɗaya ta daɗe tana haƙa ɗaya tana cin riba. Yawancin zaɓin na ofis ne: oga ya ba da umarnin da kake ganin zai cuci na ƙasa, za ka bi ko za ka tsallake? Za ka rufa masa asiri a gaban manya ko za ka faɗi abin da ka gani? Bayan kowace magana wasan na nuna maka yadda kowa ya ɗauke ta. Duk wanda ya taɓa riƙe fayil a sakatariya ya san wannan rayuwar. Sunan wa za ka sa a jerin masu zuwa kwas, wa za ka tura ƙauye, fayil ɗin fanshon wa zai kwana a teburinka don sunansa bai yi kama da naku ba. Ba mai ɗaukar hotonka, amma mutumin yana ajiyewa, yana kuma gaya wa 'ya'yansa.

Yanzu ga abin da ya sa na yi duk wannan dogon zagaye. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, Inna ta riga shi, kuma maganar gado ta zo kan gidan Makera. Mu bakwai ne. Ni kaɗai nake zaune a ciki da iyalina, sauran suna Rigasa da Kawo da Hayin Banki, ɗaya tana Kano. Dillali ya kawo mai saye, kuɗin kuma ba laifi. Yayanmu babba yana son a sayar a raba, ni ma in ɗauki rabona in nemi fili a hayi.

Ba zan rage wa hujjarsa ƙarfi ba, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi yana gida a 2000, ni ina makaranta. Shagonsa na Television ya ƙone ƙurmus, yaron shagonsa bai dawo ba har yau. Ya ce min, "Kai ba ka ga abin da na gani ba. Dattijon nan da kake taƙama da shi ya haura tamanin, 'ya'yansa biyu sun koma Sabon Tasha, ɗaya yana Abuja. Ran da ya rufe ido wa zai zauna maka a benci? Zaɓe na zuwa. Kana da 'yan mata uku. In an sa dokar hana fita ta ina zan zo in ɗauke ku?" Na ce, "Yaya, ai yanzu gadoji sun ƙaru, ga ta hanyar Yakowa, ga wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa." Ya ce gada ba ta hana a tare ta. Ban sami abin ce masa ba a nan.

Abin da na iya ce masa shi ne, a layinmu gidajen Musulmi da suka rage ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Duk wanda ya tashi, na kusa da shi sai ya fara neman dillali. Haka aka yi a can hayi da Kiristocin da suka rage. In muka tashi, jikokin dattijon nan za su girma ba su taɓa cin tuwon Sallah daga hannun maƙwabci ba, nawa kuma ba za su san Kirista ba sai a Facebook, inda kowa ke nuna mafi munin halinsa. Ranar da aka kawo su bakin dutse, amsa biyu za su gani. Yaya ya yi dariya ya ce wato da gem zan yi masa wa'azi. Ya ce 'ya'yansa ba maki ba ne da za a tara wa Kaduna. Maganar ta shige ni, don nawa ma ba maki ba ne, kuma ba su suka zaɓi a yi gwajin da su ba.

Uwargida ta ce duk inda na ce nan za ta zauna, amma na lura ta fara tambayar kuɗin makarantu a Unguwar Dosa. Babbar 'yata ba ta son tashi saboda ƙawayenta. Dattijon kuwa ban gaya masa ba, amma ya ga dillali ya zo da mutane suna auna bango da ido. Shekaranjiya da na je gaishe shi ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce, "Ɗana, in za ku tafi kada ka ji kunyata, ka dai zo ka faɗa min da bakinka." Sannan ya tambaye ni ko itacen mangwaron da suka dasa da Baba yana cikin ciniki.

Shawarar da zan kai zaman 'yan'uwa ranar Asabar ita ce a yi wa gidan ƙima ta adalci, in sayi rabon sauran a biya kashi-kashi cikin shekara uku. Na je ƙungiyar adashen ma'aikata ta ofis, abin da za su iya ba ni bai kai rabi ba, kuma za a riƙa cire kusan sulusin albashina. Ƙannena mata biyu sun ce za su jira ni. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in zo da lissafi a rubuce. Autanmu yana son kuɗinsa yanzu don aure zai yi bayan Sallah, kuma haƙƙinsa ne.

Shi kuwa ɗana ya koma ya fara daga kashi na farko. Kullum yana ƙorafin motar nan Mako da ba ta jin sitiyari, kuma jiya ya iso Virmire ya ajiye ya ce sai ya yi tunani. Na kuma aike shi ya kai wa dattijon maganin hawan jininsa, ya daɗe bai dawo ba, ashe labarin masaƙa ake ba shi.

Don Allah cikin abokaina duk wanda ya san ƙwararren mai yi wa gida ƙima, mai lasisi, wanda ya san farashin Makera da Kakuri kuma ba ɗan'uwan dillali ba ne, ya yi min magana ta akwatin saƙo kafin Juma'a. Haka wanda ya taɓa sayen rabon 'yan'uwansa a gidan gado a biya kashi-kashi, ina son in ji yadda kuka rubuta yarjejeniyar da wanda ya shaida muku.